In Waya Ta Ƙi Shiga: Shawarwari Ga Gidajen Ƴan Bida Kan Saƙon Murya

Da an kai gero rumbu, tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita sai su cika da samari masu jaka a kafaɗa. Wannan Abijan ya nufa, wannan Legas ko Kwatano, wancan kuma Agadas zai bi ya faɗa Tamanrasat ko Sabha. Tafiya bida tsohuwar al'ada ce a ƙasar Adar. Kakanninmu sun yi ta da ƙafa, iyayenmu sun yi ta a bayan manyan motoci. Abin da ya sake shi ne hanyar jin labari. A da, sai a jira wani ɗan gari ya dawo da kaset a aljihu, a taru a tsakar gida a sa a rediyo, a ji wanda ya tafi yana gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, har tsohuwar maƙwabta. Kaset ɗin kan yi wata guda a hanya, kuma ba wanda hankalinsa ke tashi. Tun da salula ta shigo a farkon shekarun 2000, in aka kwana biyu waya ba ta shiga ba, uwa ta yi sallama da barci ke nan.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Ƙanina ya sauka Abijan, ya sayi sabon layi, ya aiko da lamba. Matarsa ta ari wayar maƙwabta ta kira, sai ta ji muryar mace tana zuba Faransanci, wata ƴar ƙara ta biyo baya, sai shiru. Ta kashe. Da dare ta sake gwadawa, macen nan ce dai. Kwana uku yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba, kunya kuma ta hana ta gaya wa kowa, sai da goggonmu ta lura da idanunta ta titsiye ta. Ashe na'urar kamfanin waya ce ke cewa a bar saƙo, shi kuwa yana wurin dako da waya a kashe. Kuɗin kati ya ƙone, zuciya ta ɓaci, saƙo ko ɗaya bai isa ba.

Wannan na'ura ita ce masu jin Faransanci ke ce wa repondar. Ni zan riƙa kiranta akwatin murya. Tana da ƙanwa, wato saƙon murya na WhatsApp da muke ce wa bokal. Duka biyun aikinsu ɗaya: su riƙe maganarka amana har mai ita ya samu sukunin ji. Ga abin da nake ganin ya kamata kowane gida mai ɗan bida ya sani.

1. A zauna a gwada tun mai tafiya yana gida. Daren da ake ɗaure kaya, a ware lokaci kaɗan. Mai tafiya ya kashe wayarsa, a sa Inna ko matarsa ta kira da hannunta, ta ji abin da na'ura ke faɗi, ta jira ƙarar, ta yi magana. Sannan ya kunna ya sa mata muryarta ta ji. Wanda ya ji muryarsa ta fito daga wayar sau ɗaya, ya daina tsoron abin. A gaya musu kuma tun yanzu cewa a Abijan da Kwatano Faransanci za su ji, a Libiya da Aljeriya galibi Larabci, a Najeriya da Gana Turancin Ingilishi, kuma sau da yawa muryar mace ce. Kamfani ne ya ɗauke ta tun tuni, ba ta san mai wayar ba.

2. Mai tafiya ya sa muryarsa da Hausa a bakin akwatin. In za ku ɗauki shawara ɗaya tak cikin waɗannan, to ku ɗauki wannan. Akwatin murya na layi ne, ba ya bin mutum. Ranar da ka sayi sabon layi a ƙasar da ka sauka, sabon akwati ka samu, da gaisuwar kamfani a harshensu. Ka tambayi mai sayar da layin, ko wani ɗan gari da ya daɗe a can, lambar da ake dannawa a shiga akwatin, don kowane kamfani da tasa. A ciki akwai wurin da ake ɗaukar gaisuwa. Ka nemi wuri marar hayaniya ka ce wani abu kamar haka: "Salamu alaikum. Ni ne wane ɗan wane na Tamaske. Lafiyata lau, ina wurin aiki ne ko waya ba caji. In kun ji ƙara ku yi magana, zan ji, zan kuma kira." Kalmar nan "lafiyata lau" kada ka bar ta. Ita ce tsohuwa ke nema da ta hau tudu da tsakar rana tana neman rezo. In kana aiki da mutanen ƙasar, ka ƙara jimla ɗaya da harshensu a ƙarshe, don mai ba ka aiki ya san bai ɓata lamba ba. Kada ka sa waƙa ko wa'azi mai tsawo a madadin gaisuwa. Mai kira daga ƙauye yana biyan kowace daƙiƙa, kuma in bai ji muryarka ba zai ɗauka lambar wani ce.

3. A rubuta lamba daidai, a manna ta a bango. Rabin "waya ba ta shiga" daga nan yake fitowa. Lambar Nijar guda 8 ce, da +227 a gaba ga mai kira daga waje. Najeriya +234, Gana +233, Libiya +218, Aljeriya +213, Kamaru +237, Gabon +241, Saudiyya +966, Faransa +33. A Najeriya da Gana da Libiya da Aljeriya da Saudiyya da Faransa, sifilin da ke farkon lambar mutum ana jefar da shi in an sa lambar ƙasa. Kwaddebuwa kuwa, ƙasar su Abijan, daban take: tun 31 ga Janairun 2021 lambobinta suka koma guda 10, aka ƙara 07 a gaban na Orange, 05 a gaban na MTN, 01 a gaban na Moov, kuma wannan sifilin ba a cire shi bayan +225. Haka Benin ta yi ranar 30 ga Nuwamban 2024, ta ƙara 01 a gaban lambobinta bayan +229. Akwai gidajen da har yau suke riƙe da tsohuwar lamba a ƴar takarda, suna cewa yaro ya canza layi ya ƙi gaya musu.

4. A koyi jera magana: wane ne, yaushe ne, lafiya, sannan buƙata. Nan ne al'adarmu da na'ura suke karo. Mu in mun buɗe baki sai mun tambayi kwana, gajiya, aiki, sanyi, baƙunta da mutanen masauki kafin mu zo ga abin da ya kawo mu, kuma haka tarbiyya ta ce. Akwatin murya na kamfani kuwa yana da iyaka, yakan yanke mutum yana tsakiyar magana. Sau nawa ɗan bida ya saurari saƙo ya ji gaisuwa zalla, daidai inda aka ce "to, dama abin da ya sa na kira" sai ya katse? Daga nan shi kuma nasa hankalin ya tashi.

Sai a juya tsarin. Sallama, sannan suna, sannan rana, sannan lafiya, sannan magana, gaisuwa ta biyo baya in da sauran lokaci. Misali: "Salamu alaikum, Inna ce daga Garhanga. Yau Talata. Kowa lafiya. Maganar irin albasa ce, Babanku ya ce ka kira kafin Juma'a. Allah ya tsare, ya ba da sa'a." An gama, ba a kai minti ɗaya ba.

Faɗin rana yana da amfani domin saƙo kan kwana uku kafin a ji shi, kuma "gobe" ta mai magana ta riga ta zama shekaranjiya. Faɗin suna kuma dole ne in da wayar aro aka kira. Na san inda gizo ke saƙar: uwa ba ta kama sunan ɗan fari, mace ba ta kama sunan miji, wata ko nata sunan nauyi yake yi mata a gaban surukai. Ba sai an karya alkunya ba. "Uwar gidanka ce", "Innarku ce", "Malam, ni ce maman su wance" duk sun wadatar. Abin da ba ya wadatarwa shi ne a yi ta "alo, alo, kana ji na?" har na'ura ta yanke.

5. A sani cewa da akwati ya amsa, kuɗi ya fara tafiya. Kamfani yana lissafa shi kamar an ɗauki waya, kuma da farashin kiran ƙasar waje. Saboda haka abu biyu ne: ko dai ka bar saƙonka, ko ka kashe nan take. Tsayawa ana saurare shiru, ko a kira sau biyar a jere ana kashewa bayan ƙara, asarar jika ce a banza. In gidan akwai babbar waya, bokal ya fi araha nesa ba kusa ba, mega kaɗan yake ci. Akwatin murya ya fi amfani ga masu ƙananan wayoyi, da ranar da mega ta ƙare.

6. A gane alamomin WhatsApp kafin a yi fushi. Alama ɗaya a gefen saƙo na nufin ya bar wayarka amma bai shiga tasa ba: ko waya a kashe take, ko ba mega, ko ba rezo. Alama biyu, ya shiga. In hoton makirfon ya koma shuɗi, an saurara. Saƙon da bai shiga ba WhatsApp na riƙe shi har kwana 30, daga nan ya share. Mu da muke zaune tsakanin duwatsun Adar, inda gari ke cikin kwari rezo na kan tudu, bai kamata mu yi saurin zargin wanda ke aikin gini a bayan garin Sabha ba. Shi ma wani lokaci sai ya yi tafiya kafin wayarsa ta kama.

7. A lura da bambancin agogo. Najeriya, Benin, Aljeriya, Kamaru da Gabon lokacinmu ɗaya. Abijan, Akara da Lome suna bayanmu da awa ɗaya, Libiya tana gabanmu da awa ɗaya, Makka da awa biyu. Faransa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, amma daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba tana gaba da awa ɗaya. Mafi sauƙi shi ne a tsayar da rana guda a mako, bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwar garinku da ake kai wayoyi caji, kowa ya san ran nan za a yi magana baki da baki. Sauran kwanaki a bar wa saƙo.

8. Kada a bar layin gida ya mutu. Wannan yana da ɗan tsawo, ku yi haƙuri da ni, don nan mutane da yawa suke yin asarar da ba ta gyaruwa. Yawancin samarinmu da layin Nijar suka buɗe WhatsApp, na Airtel ko Moov ko Zamani ko Niger Telecoms. In mutum ya je waje ya sa sabon layi, WhatsApp ɗinsa na ci gaba da aiki a kan tsohuwar lamba, shi ya sa ba ya damuwa. Ranar da wayar ta faɗi, ko aka sace, ko aka ƙwace a hanya, ya zo buɗewa a wata, lambobi 6 na tabbatarwa tsohon layin za a aika wa. In layin nan yana cikin wani ƙoƙo a ɗaki wata da watanni ba a sa masa ko dala ba, kamfani na iya rufe shi, daga baya ya sayar wa wani. Sai a wayi gari bokal ɗin da iyali ke aikawa baƙo ne ke karɓa. WhatsApp kansa yakan share asusun da ya kai kimanin kwana 120 bai hau intanet ba.

Mafita biyu ce. Ko dai ka bar layin a hannun mutum ɗaya amintacce, a cikin waya mai aiki, ana ɗan sa masa kati ana kira da shi lokaci-lokaci. Ko kuma, in ka san za ka daɗe, ka shiga saitin WhatsApp ka mayar da asusunka kan sabuwar lamba tun tsohon layin na hannunka, akwai wurin yin haka kuma yana iya sanar da mutanenka. In kuwa da layin Nijar ka tsallaka iyaka yana kunne, ka sani ana iya cin kuɗinka a kan kiran da ka amsa, har ma da wanda ya faɗa akwatin murya. A yawancin layuka, danna *#62# na nuna inda kira ke tafiya in wayarka na kashe, ##002# kuma na soke duk wata karkatar da kira.

Wani abu kuma: sabon layin da za ka saya, ka yi ƙoƙari ya zama da sunanka. A Najeriya tun Disamban 2020 aka ɗaure layuka da lambar shaidar ɗan ƙasa, shi ya sa baƙi da yawa ke amfani da layin da wani ya yi wa rajista. Irin wannan in ya ɓace, dawo da shi sai da mai sunan.

9. A canza lambar sirrin akwati. Akwatin murya yakan zo da lambar sirri ta kamfani mai sauƙin cinka, irin su sifili huɗu ko 1234. Ɓarayin asusu sun san haka. Dabararsu ita ce su nemi WhatsApp ya kira lambarka da dare ya karanto lambobin tabbatarwa. Kana barci, kiran ya faɗa akwati, su shiga da lambar kamfani su saurara, su ɗauke asusunka, gari na wayewa su fara roƙon ƴan'uwanka kuɗi da sunanka. Ka sa lambar da kai kaɗai ka sani, ka kuma kunna kariya ta biyu a WhatsApp, wadda ita ma lambobi 6 ce da kai za ka zaɓa. Ku kuma na gida, duk wanda ya kira ya ce ku karanto masa lambobin da suka shigo wayarku, ko da ya ce daga kamfani yake, kada ku ba shi.

10. A tuna cewa saƙo yana da kunnuwa da yawa. A ƙauye, yaro ne ke danna wa tsoho waya, kuma wayar kan wuni a rumfar mai caji. A can kuma, ɗaki ɗaya a unguwar Ajame ko Abobo ta Abijan mutum goma ke kwana, in ɗaya ya buɗe bokal duk sun ji. Saboda haka lambar karɓar kuɗi da aka aiko ta NITA ko Al Izza ko Amana ba abin zubawa a akwatin murya ba ce. A ce kawai "an aiko, ka kira", a faɗi lambar baki da baki. Haka sirrin miji da mata, haka maganar rashin jituwa da uwar miji. Mai tafiya ya sayi abin sawa a kunne, ba shi da tsada, yana kuma rufa asiri.

11. Rasuwa ba a barin ta a akwati. Ko a gida, in aka yi rashi ba a tarar mutum a hanya a jefa masa, dattijo ake turawa ya zaunar da shi. Nisa bai soke wannan ba. Ku yi tunanin yaro ya tashi daga aiki, ya zauna a bakin titi a ƙasar da ba ya da kowa, ya danna waya yana murmushi don ya ga saƙo daga gida, sai ya ji kuka da salati. Na san wanda haka ta faru da shi, kuma har yau in ya ga saƙon murya daga gida sai gabansa ya faɗi kafin ya buɗe. Kowane gida ya riƙe lambar mutum na biyu a garin da ɗansu yake: mai masaukinsa, ko babban ƴan garinku a can, don kusan duk inda Adarawa suka taru akwai wanda ake ji wa magana. Shi za a kira, ya je ya same shi, ya zauna kusa da shi, sannan a haɗa waya. In ciwo ne mai tsanani, a faɗi gaskiya a taƙaice: wane ne, yana wane asibiti, wa ke tare da shi. "Ka kira maza-maza" ba tare da bayani ba azaba ce ga wanda ba ya da kati a lokacin.

12. In an ji murya tana neman kuɗi cikin gaggawa, a tsaya a tabbatar. Gaskiya ne ana kama matafiya a Libiya a tsare su, a sa su kira gida a nemi fansa, kuma gidaje da dama a yankinmu sun ɗanɗana wannan. Amma saboda abin gaskiya ne, ƴan damfara ma sun shiga rigarsa. Sukan samu tsohon bokal na mutum, ko su sa wani ya yi kuka cikin hayaniya, yanzu har akwai manhajar kwamfuta da ke kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun maganarsa. Kafin tafiya, ku ajiye tambaya ɗaya ta cikin gida wadda baƙo ba zai sani ba: laƙabin da kaka ke kiransa da shi yana yaro, ko sunan gonar da ke bakin fadama. In saƙo irin wannan ya zo, ku nemi a ba shi waya ya amsa tambayar da bakinsa, ku kira mutum na biyun nan da ke garin, ku kuma sanar da mai gari da jami'an tsaro. Kada a sayar da akuya ko a jinginar da gona kan muryar da ba a yi magana da ita kai tsaye ba.

13. Kada a ɗauki saƙo cikin fushi. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka ɗauka a waya, da za a iya sake ji sau ɗari, a kuma tura wa dangi. Ɗan bida ya gaji, kuɗi bai samu ba, aka kawo masa tsegumi, sai ya danna ya zazzaga abin da ke cikinsa, wani har ya furta saki. WhatsApp na ba da damar goge saƙo cikin kimanin kwana biyu, amma abin da kunne ya ji ya ji, furucin saki kuma ba abin wasa ba ne a wurin malamai ko ta wace hanya ya fito. Akwai damar sauraron bokal kafin a aika. Ka saurari naka, ka kwana a kansa. Maganar aure, gado da jinginar gona a yi ta kai tsaye da shaidu a kusa.

14. Ga wanda ya tafi Turai ko Amurka, karatu ko aiki. A can akwatin murya ƙofar gida ce. Asibiti, makaranta, ofishin takardu da mai ɗaukar aiki sukan kira sau ɗaya su bar saƙo, su ɗauka an ji. Mu kuwa mun saba in abu na da muhimmanci za a sake kira. Ka riƙa duba akwatinka kullum, ka sa cikakken sunanka a gaisuwa da harshen ƙasar, ka biyo da Hausa saboda na gida. In saƙo ya yi maka sauri, sake saurara, ka rubuta suna da lamba da ranar da aka ba ka. Wanda ya samu gida mai wayar tebur da na'urar amsawa, ya saita mata rana da agogo, in ba haka ba ba zai san yaushe aka kira ba. Kada kuma a ɗauki na'ura daga nan a kai Amurka: wutarmu 220 ce, tasu 120.

15. A haddace lamba ɗaya ta gida. Waɗanda ake korowa daga Aljeriya ana sauke su a bakin iyaka, su taka kimanin kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka, da yawansu ba waya ba takarda. A nan, wanda lambar gida ke kansa shi ke iya aron waya ya ce yana raye. Lambobi 8 ne kawai. Ka maimaita su a mota tun daga Tawa har Agadas, za su zauna. Ku kuma na gida, wannan lambar kada ku canza ta, kada ku bar ta ba caji, kuma in baƙuwar lamba ta kira daga waje ko daga arewa, ku ɗauka.

Kai kuma ɗan'uwa da ke can, na san dalilin da ya sa wani lokaci kake ganin saƙo ka ƙi buɗewa. Kana tsoron kuɗi za a tambaya, aljihu kuma ba komai, kunya ta sa ka yi shiru har sai ka samu. Shirun nan ya fi rashin kuɗin ciwo a gida. Na zauna kusa da tsohuwar da ke sa jikanta ya maimaita mata bokal ɗin ɗanta na wata uku da suka wuce, tana kara wayar a kunne da hannu biyu, don ba wani sabo. Don Allah, yau kafin ka kwanta, danna ka ce: "Inna, ni ne. Lafiyata lau, aiki ne bai kankama ba tukuna. Ku sa ni a addu'a." Bai kai rabin minti ba, ka aika.